Mushen da Apolonia Ta Kai Rumfar Zaɓe

A layin da ke bayan mayankar shanu ta Chicago, in ka tambayi Apolonia Kurek ba kowa ne zai gane ba. Amma in ka ce Pani Barkono, wato Uwargida Barkono a bakin 'yan Poland, nan take za a nuna maka gidan katakon nan mai hawa biyu da ke daura da famfo. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta kullum jajur saboda sabulu da ruwan zafi. Ba ta iya magana a hankali ba. Ko gaisuwa take maka sai ka waiga ka ga ko da wani take faɗa a bayanka. Tsofaffin layin dai sun ce ba haka ta zo ba.

An haife ta a wani ƙauyen 'yan Poland kusa da birnin Poznan, 'yar manomi mai shanu uku da gonar dankali. A gidansu ko turken shanu sau biyu ake share shi a yini. Tana da shekara ashirin ta auri Walenty Kurek, da shekara ta zagayo ya ƙetare teku neman aiki ya bar ta da ciki. Wasiƙun da yake aikowa wani ne yake rubuta masa, kuma ga alama marubucin ya fi shi baki: nama kullum, albashi duk mako, gidaje har suna taɓa sama. A shekarar 1882 ya aiko mata da tikitin jirgin ruwa, ta taso da 'yarsu Bronka a hannu da akwati cike da zannuwan gado da ta saƙa da kanta.

Ranar da ta iso layin an yi ruwa. Ta tsaya a kan katakan da aka jera don masu tafiya a ƙasa, ta dubi lambatun da ya yi kore shar, ta dubi akwatunan shara da suka cika suka tumbatsa a ƙofar kowane gida. Ta ja numfashi ɗaya, sai ta toshe hanci da gefen gyalenta, ta juya ga mijinta.

"Walek, me ya mutu a nan?"

"Ba abin da ya mutu, Pola. Warin mayanka ne. Kwana uku za ki saba."

"Kai ka saba?"

"Na saba."

"To Allah ya isa tsakanina da wanda ya rubuta maka wasiƙun nan."

Kwana uku suka wuce, shekara goma ta wuce, Apolonia ba ta saba ba. Walenty yana aiki a ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda ake barbaɗa wa fatun shanu gishiri, gishirin ya cinye masa hannuwa har ba ya iya ɓalla maɓallin rigarsa sai ta taya shi. Ita kuma ta ajiye maza huɗu 'yan ƙasarsu a ɗakin baya, tana dafa musu miyar kabeji da dankali, tana wanke musu tufafin da jini ya bushe a jiki. Daɓen ɗakinta kuwa, da toka da buroshi take goge shi kowace safiya har katakon ya yi fari. Tsabtarta a bakin ƙofa take ƙarewa. Daga nan sai taɓo da kashin dawaki da ɓawon dankali da hanjin kaji da ƙudaje masu kore, irin waɗanda in ka kore su sai su dube ka.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne kekunan dokin kwasar shara ba su rasa hanyar layin ba. Kullum sai sun wuce ta ƙofarta, goma, ashirin, maƙil da sharar unguwannin masu hali da ke bakin tafki, suna zuwa juye ta a wani ƙaton rami da ke ƙarshen layin. In sun dawo fanko ma ta ƙofarta suke bi. Ko ɗaya ba ya tsayawa. Takan fito da tsintsiya a hannu ta bi su da ihu.

"Kai mai keke! Idonka ne ya mutu? Ga akwati nan yana amai!"

"Ba layina ba ne, Misis!"

"Layin ubanka ne da za ka zuba?"

Ɗan kwangilar kwasar shara surukin Kansila Fergus Tolan ne, kowa ya san haka, kowa kuma ya san gwamnatin birni tana biyansa don ya kwashe har da ta layinsu. Shi Tolan ɗan Ailan ne, dogo mai jan gashin baki, yana da babban gidan giya a mararrabar titin da taragon doki ke bi. 'Yan Poland suka sa masa suna Mai Talotalo, don duk Kirsimeti sai ya aika da talotalo gida gida. In 'yan sanda sun kama ɗanka, shi ne. In kana neman aiki a mayanka, 'yar takarda daga hannunsa ta wadatar. In an yi mutuwa kuwa, kafin a gama rufe wa mamaci ido ya iso, hula a hannu, da akwatin gawa da furanni. Yana da ɗan korensa a cikin 'yan Poland, wani siririn mutum mai suna Kasper Drozd, shi ke yi masa tafinta, shi ke tattaro masa maza ranar zaɓe. Kasper ne ya kai Walenty aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Tun daga nan, duk watan Afrilun da aka yi zaɓe sai Walenty ya wanke fuska ya je ya jefa wa Tolan. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Cutar takan zo da zafin watan Yuli da Agusta. Yara ƙanana take ɗauka: gudawa, amai, kwana uku ido ya faɗa, kwana biyar a sa farin ƙyallen makoki a ƙofa. A shekarar 1885 ta ɗauke wa Apolonia Ignac, yana da wata goma sha takwas. Tolan ya zo da ɗan farin akwati, ita kuwa ta durƙusa ta sumbaci hannunsa tana kuka. Wannan durƙuson, har ta mutu in ta tuna da shi sai ta tofar da yawu. Bayan shekara huɗu cutar ta sake ɗaukar mata wani namijin, akwati ya sake zuwa, ta karɓa, amma ba ta durƙusa ba.

Sai shekarar 1893, shekarar da aka yi babban baje koli a bakin tafki. Baƙi suka cika birnin, masaukai suka cika, shara ta ninka, kekuna suka riƙa wucewa tun asuba har faɗuwar rana. A watan Agusta Tekla ta kwanta, autarta, 'yar shekara biyu mai son rawa in wani ya yi kiɗan akodiyan a layi. Apolonia ta saɓa ta a kafaɗa ta yi tafiyar mil biyu zuwa ɗakin shan magani na kyauta. Likitan saurayi ne mai tabarau. Ya duba yarinyar a tsaitsaye, ya wanke hannu, ya yi magana yana kallon bango.

"Ƙazanta ce ke kashe muku yara. Ƙuda ya sauka a juji, ya tashi ya sauka a bakin yaro. Ku mutanen nan ba kwa jin magana. Ku riƙa tsabta."

Turancin Apolonia na kasuwa ne, amma ta ji kalmar ƙazanta sarai. Ta miƙa masa hannuwanta biyu, duk sun tsattsage.

"Dubi. Wannan hannun ƙazama ne?"

"Misis, akwai mutane a bayanki."

Ta fito da yarinyar. Zagin ya yi mata zafi, amma abin da ya fi zagin zafi shi ne a cikinsa ta ji abin da ba wanda ya taɓa gaya mata. Shekara takwas Fada, limamin cocinsu, yana ce mata nufin Allah ne, maƙwabta suna ce mata iskar zafi ce, wasu suna cewa kambun baka. Ashe ƙuda ne. Ashe akwatin nan ne na ƙofar gida. A hanyar dawowa ta tsaya a gabansa da yarinyar a kafaɗa, ta daɗe tana kallon tsutsotsin da ke motsi a ciki.

Tekla ta rasu ranar Alhamis da hantsi. Kafin azahar sai ga Tolan, Kasper na biye da shi rungume da farin akwati mai hannayen tagulla. Mata sun cika ɗakin suna jan carbi, suka dare suka ba shi hanya. Walenty ya miƙe ya cire hula.

"Yallaɓai, mun gode, mun gode."

"Haba Kurek, ai ɗaya muke. Misis Kurek, Allah ya ba ki haƙuri. Wannan ba komai ba ne, daga gare ni ne."

Apolonia ta tashi daga gefen gadon. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya tsorata waɗanda suka san ta.

"Kasper, gaya masa ya fita da shi."

"Pani Kurek, baƙin ciki ne ke sa ki..."

"Na ce ka gaya masa. In ba za ka gaya masa ba ni zan faɗa da bakina." Ta juya ga Tolan da karyayyen Turancinta. "Uku ke nan. Akwati uku ka kawo gidan nan. Keke ɗaya nake nema, Pan Tolan. Keke ɗaya ya tsaya a ƙofata sau ɗaya a mako. Akwati ya fi keke araha ne?"

Walenty ya kama hannunta. "Pola, don Allah, a gaban gawa?"

"A gaban gawa mana! A gaban wa kake so in faɗa? Ya kashe mana 'ya kuma ya zo mana gaisuwa da furanni!"

Tolan bai ko canja fuska ba. Ya girgiza kai cikin tausayi, ya dubi matan da ke wurin. "Uwa ce. Ba a riƙe maganar uwa a rana irin ta yau." Ya yi wa Kasper alama ya ajiye akwatin a bakin ƙofa, suka tafi. Apolonia ta ɗauke shi ta kai titi ta ɗora a kan sharar. A daren Walenty ya ɓalle katakan kantar kicin ya haɗa wa 'yarsa akwati da hannuwan nan nasa da ba sa lanƙwasuwa. Farin akwatin kuwa bai kwana a kan shara ba. Wata maƙwabciya ta lallaɓa ta ɗauke, don nata ɗan ma yana kwance.

Bayan arba'in ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci ta hau tarago zuwa ofishin gwamnatin birni. Aka tura ta taga ta uku, ta uku ta tura ta hawa na biyu, hawa na biyu aka ce mai kula da wannan ya fita cin abinci. Ta zauna a benci har ƙarfe huɗu. Da ya dawo ya saurare ta yana sakace, ya tambayi unguwarta, ya ce, "Ai wannan sai kansilanku." Ta dawo gida a ƙasa don kada ta fashe da kuka a cikin tarago mutane su gani.

A watan Janairu na 1894, ranar da sanyi ya kai har yawu yana daskarewa kafin ya kai ƙasa, wani dokin keken shara ya zame a daidai ƙofar gidanta. Tsohon doki ne fari, haƙarƙarinsa duk a waje. Mai keken ya sauko ya dinga zabga masa bulala, dokin ya yunƙura sau biyu, ya koma ya kwanta, ya miƙe ƙafafu. Aka kwance masa kaya, aka kawo wani dokin ya ja keken, aka bar shi nan. Wasu suka zo suka cire masa ƙarafan kofato. Dusar ƙanƙara ta sauka ta rufe shi rabi, yara suka mai da shi abin hawa suna wasan sojoji.

Apolonia ta tare Kasper a bakin famfo.

"Dokin ubangidanka yana nan yana jiran a zo a ɗauke shi."

"Ai ya daskare da ƙasa, Pani Kurek. A bari ƙanƙara ta narke."

Ƙanƙara ta narke a tsakiyar Maris. Dokin ya kumbura ya yi kamar ganga, ƙafafunsa suka miƙe sama, karnuka suka buɗe masa ciki. Mutanen da suka yi shekaru suna kwana suna tashi da warin mayanka sai ga su suna bi ta ɗaya gefen da hannu a hanci. Ta sake tare Kasper.

"Ta narke."

"Haba Pani, kin san zaɓe saura mako biyu, duk kekunan suna aiki. Bayan zaɓe, na rantse."

Kekunan kuwa da gaske suna aiki: ganga gangar giya suke kaiwa wuraren taron Tolan.

Ranar Lahadi bayan an fito daga coci ta tsaya a kan matakala ta tare matan layin. Aminiyarta Rozalia Mazurek, wata ƙatuwar mace mai sanyin hali wadda ita ma ta binne biyu, ita ta fara jin shirin, ta yi alamar gicciye a ƙirji.

"Pola, kin haukace. Mazajenmu da takardar Tolan suka shiga mayanka."

"Da takardarsa 'ya'yanmu suka shiga rami."

"Fada ya ce mu yi haƙuri, mai haƙuri shi ke dafa dutse."

"Fada yana da ɗa? Ni na dafa dutsen nan shekara goma sha biyu, Rozalia, ban ga romo ba. Nan da wata uku zafi zai dawo. Wa ke da yaye a cikinku? Ke, Pani Gorska, naki wata nawa? Ke fa? To ku je ku zaɓi launin akwati tun yanzu, in ya so ku huta."

Wasu suka zage ta suka wuce. Wasu suka tsaya.

Ranar Talata, ranar zaɓe, maza duk suka fita tun da sassafe. Rumfar zaɓen a shagon aski take, bango ɗaya da gidan giyar Tolan, don kowa ya jefa ƙuri'a ya zarce ya karɓi kofinsa. Ƙarfe tara mata ashirin da uku suka fito, kowace ta ɗaure hanci da ƙyallen da ta jiƙa da ruwan tsami. Sun kwance igiyoyin shanyarsu sun tufka su uku uku. Rozalia ta ciro ƙyauren rumfar gawayinta. Da sanduna da cebur suka mirgina mushen a kan ƙyauren, mata biyu suka koma gefe suna kelaya amai, suka goge baki suka dawo. Apolonia ta ɗaura igiya a ƙugu kamar saniyar noma.

"Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Ku ja!"

Taɓon ne ya taimake su, ƙyauren ya riƙa sulɓi. Tafiyar da ba ta fi ta minti goma ba sai da ta ci musu awa biyu. Igiya ta tsinke sau uku. Wata ƙafar dokin ta guntule a hanya, wata tsohuwa da ba ta iya ja ba ta ɗauke ta ta biyo su da ita a kafaɗa. Tagogi suka buɗe, mata daga wasu layukan suka fito, 'yan Bohimiya da Jamusawa da 'yan Lituwaniya waɗanda ko gaisuwa ba ta haɗa su da su, wasu suka kama igiya ba tare da an ce musu komai ba. Mai tarago ya tsayar da dawakansa a mararraba yana zagi, fasinjoji suka leƙo suka koma da sauri.

Maza sun yi dogon layi a ƙofar shagon askin. Warin ne ya riga matan isa. Layin ya tarwatse, aka bar fili, suka ja ƙyauren har kan dokin ƙofar gidan giyar suka saki igiya. Tolan ya fito da farar riga da sarƙar agogo, Kasper a bayansa fuska ta yi fari fat. Apolonia ta kwance ƙyallen hancinta. Taɓo har gashinta, tafin hannunta na zubar da jini.

"Pan Tolan! An ce matattu ma suna jefa maka ƙuri'a a unguwar nan. Ga wani na kawo maka. Wata uku yana zaune a layinmu, ya cika sharaɗi!"

Wani ya fashe da dariya, sai gaba ɗaya titin ya ɗauka. Maza suna riƙe ciki, wani yana cewa a tambaye shi sunansa, wani yana cewa ai ya riga ya jefa sau biyu da safe. Ta hango Walenty a can baya, shi kaɗai ne ba ya dariya, ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Tolan ya bari dariyar ta lafa. Sannan ya cire hula ya rusuna wa mushen.

"Ina maraba da kowane mai zaɓe, ko da ƙafa huɗu ya zo. Kasper, a ba matan nan lemo, sun sha aiki." Ya kaɗa yatsa. Kafin rabin awa sai ga keke da maza shida da ƙugiya da buhun farar ƙasa. Suka ɗauke dokin, suka wanke wurin, suka barbaɗe shi fari tas.

Apolonia tana tsaye tana kallo. Rabin awa. Abin da ta yi wata uku tana roƙo, abin da ta yi shekara goma sha biyu tana bin kekuna da ihu a kansa, ashe kaɗa yatsa ne. Ba ta san lokacin da ta duƙa ta cika hannu da taɓo ba. Ta wurga wa Tolan, ta same shi a ƙirji, daidai sarƙar agogon. Nan dariya ta tsaya. 'Yan sanda biyu suka riƙe ta, ta kwana a ofishinsu, da safe alƙali ya ci ta tarar dala biyar saboda tayar da hankalin jama'a. Kasper ya zo zai biya da sunan kansila, ta ce in ya kuskura sai ta ƙara masa nasa taɓon, ta zaɓi zaman kwana goma. A can ta ji Tolan ya ci zaɓe da rata fiye da ta kowace shekara.

Ranar da ta fito ta tarar da Walenty a gida da tsakar rana. Shugaban ma'aikata ya ce masa aiki ya yi ƙaranci. A ɗakin gishirin shi kaɗai aikin ya yi wa ƙaranci.

"Kin huta?" ya ce, bai ɗago ba. "Shekara goma sha uku ina cikin ramin nan. Dubi hannuna. Wa zai ɗauke ni da wannan?"

"Da na bari dokin ya ruɓe a ƙofarmu?"

"Da kin bari! Kowa ya bari! Ke kaɗai ce kika haihu a layin nan?"

"A'a. Ni kaɗai ce na ƙi yin godiya."

Ya ɗaga hannu, abin da bai taɓa yi ba. Ta tsaya ta zuba masa ido. Hannun ya sauko da kansa, ya zauna ya kifa fuska a kan teburi yana kuka irin na maza, marar sauti. Wannan kukan ya fi mari yi mata ciwo, amma ba ta ce ya yi haƙuri ba, don ba ta ga laifin da ta yi ba.

Shekarar ta yi musu tsanani. Biyu daga cikin masu kwana a ɗakin baya suka kwashe kayansu don gudun kada abin ya shafe su. Matan da suka ja igiya tare da ita suka koma gaishe ta daga nesa, sai Rozalia kaɗai ke shigowa da ƙullin gari a ƙarƙashin gyale. Bronka ta bar makaranta ta shiga aikin liƙa takarda a gwangwanin nama. Keken shara ya tsaya a layin mako uku a jere, a mako na huɗu ya koma wucewa kamar da. Apolonia ta samo baro. Kowace safiya, bayan ta gama goge daɓe, sai ta kwashe akwatinta da na maƙwabta biyar ta tura har ramin, ta dawo ta watsa farar ƙasa. Ba ta yi don a gode mata ba, ba a kuma gode ba. Sai da hunturu ya shigo Walenty ya sami aikin gadi a wurin sayar da gawayi a wata unguwar da hannun Tolan bai kai ba.

Labarin dokin ya shiga jarida, ya kai kunnen wasu matan masu hali da ke da ƙungiyar gyaran birni. Suka aiko mata da keken doki mai rufi, suka zaunar da ita a wani zaure mai labulen karan miski, suka ba ta shayi a kofin da ta ji tsoron riƙewa. Shugabarsu, wata Misis Pendleton mai taushin murya, ta gabatar da ita a matsayin misalin abin da jahilci da talauci ke jawowa, da kuma abin da za a iya yi da waɗannan bayin Allah in an koya musu tsabta. Apolonia ta ajiye kofin. Ta zura hannu a aljihu ta fito da wasu ambulan guda huɗu, duk sun yi dabbare dabbare da maiƙo. A ramin ƙarshen layinsu ta tsinto su, ta sa Bronka ta karanta mata sunayen da ke jiki.

"Wace ce Misis Alden? Ga taki. A cikin ƙashin kifi na same ta. Misis Pendleton, ke biyu gare ki." Ta jera su a kan farin mayafin teburin. "Ni na san inda sharata take kwana. Ku kun san inda taku take kwana? A ƙarƙashin tagar 'ya'yana. Ku zo in koya muku."

Ba su sake gayyatarta ba. Amma ɗaya daga cikinsu, wata ƙaramar mace da ba ta ce komai ba a ranar, ta zo layin bayan mako guda da takalman roba, ta bi baron Apolonia har bakin ramin, ta tsaya tana rubutu tana tari. Ta yi ta zuwa har shekara biyu. Apolonia ba ta taɓa sakar mata fuska ba, amma takan zuba mata miya.

An shimfiɗa wa layin dutse an kuma haƙa masa magudana a shekarar 1899, lokacin da wani sabon kamfanin sabulu ya buƙaci hanyar da kekunansa ba za su maƙale ba. Ramin kuwa sai da ya cika don kansa aka daina zubawa. Walenty bai daɗe bayan nan ba, ciwon huhu ya ɗauke shi. Bronka ta auri wani mai gyaran famfo, suka kama gidan bulo can kudu inda akwai bishiyoyi, ta matsa wa uwarta ta dawo wurinsu. Apolonia ta yi wata biyu ta ce shirun wurin yana hana ta barci, kuma surukin nata yana tauna abinci kamar akuya. Ta tattara kayanta ta koma tsohon ɗakinta.

A nan ta ƙarasa, tana wankau tana karɓar haihuwa in ungozoma ta yi nisa. Duk jaririn da ta karɓa sai ta yanka wa uwar yadin gidan sauro daga nata kuɗin, ta kuma riƙa faɗowa gidan ba sallama don ta ga ko an rufe shi. In ta tarar ba a rufe ba, har layi na uku sai an ji. Ta rasu a watan Nuwamba na 1909, tana da shekara arba'in da tara, bayan jinyar kwana shida. Rozalia ce ke zaune a wurinta. Da Fada ya zo ya tambaye ta ko ta yafe wa duk wanda ya zalunce ta, sai ta ce ya ba ta zuwa jibi ta yi tunani. Washegari da hantsi ta cika.